Sandar Awon Giwa

A shekarar da gobara ta tashi sau goma sha ɗaya a ƙasar Kurmin Dunya, babu wanda ya isa ya ce giwa ta taɓa makara. Marka, giwar da ke kashe wa ƙasar gobara, da an busa ƙaho za ta saɓa mangalarta mai randuna biyu cike da ruwa, ta taho ƙasa na girgiza. Sai dai duk saurin nan a bakin lungu yake ƙarewa. Randar hagu ta tokare, ta dama ta tokare, Marka na hango hayaƙi, masu gida na hango Marka, har wuta ta ci ta ƙoshi ta mutu don kanta.

Abin da ya cinye lungunan kuwa dakali ne. A Kurmin Dunya ba da haƙori ko farce ake gane babban dabba ba, da dakalin ƙofar gidansa ake gane shi, domin faɗin dakali shi ne yawan masu zuwa fadanci. Duk wanda aka ba muƙami sai ya ƙara wa nasa kamu ɗaya ya shigo hanya. Maƙwabci ya gani, ransa ya ɓaci, ya ƙara biyu. Da haka aka wayi gari akwai lungunan da ko tunkiya mai ciki sai ta karkace take wucewa.

A ƙarshen ɗaya daga cikin irin waɗannan lunguna, wanda ake kira Lungun Ɗorawa, akwai wani baƙin jaki mai suna Duna. Shi da uwarsa suke zaune, Iya Tasalla, tsohuwar da idonta ya tafi, ƙafa ɗaya kuma ta daina jin magana, harshe ne kaɗai bai tsufa ba. Gobara ta goma sha ɗaya gida biyu ya rage ta iso gare su. Tun ranar Duna bai ƙara cin ciyawa da daɗi ba. Ya san in wuta ta zo Iya ba ta iya gudu, ya kuma san lungunsu ba ya ɓullewa, ƙofarsa ɗaya ce, a bakinta kuwa akwai dakalin Burungu, kuren da ke riƙe da sarautar Sarkin Tituna.

Da kuka ya yi yawa, Sarki Zaki ya tara majalisa. Burungu ne ya miƙe, ya gyara malum-malum, ya share ƙwallar da babu ita.

"Ranka ya daɗe, manyan dawa. Zuciyata ta ƙone kafin gidan kowa ya ƙone. Ba na iya cin abinci." Ya dakata ya yi gyatsa. "Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga yau, babu talakan da zai sake kwana cikin toka. Za mu buɗe hanyoyi, mu buɗe zukata, mu kai giwa ƙofar kowane gida, ko da kuwa gidan tururuwa ne."

Aka yi tafi har ƙura ta tashi. Malam Dila, magatakardan fada, ya karanto doka mai sharaɗi uku. Kowace hanyar shiga gida ta kai faɗin giwa da randunanta. Kada reshe ko rumfa su sauko ƙasa da doronta. Kowane lungu da ba ya ɓullewa a bar fili a ƙarshensa inda za ta juya. Aka kira Marka aka auna ta da mangalarta, kamu tara cif, aka yanko sandar gora daidai tsawon nan. Za a ɗaura wa wani sandar a gicciye a baya ya riƙa bin lunguna. Duk abin da sanda ta doka, a shafa masa jar ƙasa, cikin kwana uku ya faɗi, ko na wane ne. Sarki ya dangwala dagi a kan takardar.

Da aka zo neman mai ɗaukar sanda, manya duk suka tuna suna da ciwon baya. Duna ya ce ya ji ya gani. Aka rataya masa ɗan tulun jar ƙasa, da jelarsa zai riƙa shafawa.

Daga gidansu ya fara, don kada a ce. Ya rushe ɗan dakalin da Iya ke shan hantsi a kai, ya ja danga baya, ya sare reshen ɗorawar da ubansa ya shuka, ya kwashe rumbu ya mai da shi bayan ɗaki, har aka sami filin da giwa za ta juya ta yi hamma. Iya na zaune tana jin faɗuwar reshe.

"Duna, ɗorawar ubanka ce nake jin tana kuka?"

"Reshe ɗaya ne, Iya. Don giwa ta iso gare ki."

"To, Allah ya sa giwar ta san an yi."

Sati uku sanda na aiki a unguwannin talakawa. Ta doki madafar bushiya, madafa ta faɗi. Ta doki shirayin kunkuru, kunkuru ya kwashe kwana ukun nan cif yana rushewa. Talaka dai ba ya gardama da jar ƙasa. Sai ranar da Duna ya juyo ta bakin lungunsu, sanda ta ce ƙwas a hagu, ta ce ƙwas a dama. Hagu dakalin Burungu ne, dama na surukinsa, sun kuma haɗa rumfar soro a sama don 'yan fadanci su sha inuwa.

Duna ya tsoma jela a tulu. Burungu ya fito da fara'a har kunne.

"A'a, Malam Duna, ma'aikacin gwamnati. Sannu da ƙoƙari. Ni ne fa uban dokar nan, ka sani. In dakalina ya shiga hanya, da haƙorina zan rushe shi. Amma dai ka tabbata sandar nan lafiyarta ƙalau?"

"Yadda aka ɗaura mini take, ranka ya daɗe."

"Ai shi ne. Gora ce fa, ga damina. Kawo a duba ta a fada, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

A fada Malam Dila ya shinshina sandar, ya ƙwanƙwasa ta, ya buɗe wani littafi a juye, ya tabbatar wa majalisa cewa gora na ƙara tsawo in ta sha laima. Aka kira gafiya ta gwaguye kamu ɗaya. Guntun da aka cire aka ba Duna tukuici, wai ya kai wa tsohuwa ta hura wuta. Washegari sanda ta sake cewa ƙwas a wuri guda, aka gano laimar ta fi yadda ake zato, aka ƙara cire kamu ɗaya. Daga nan abin ya zama al'ada. Sanda ta doki dakalin Damisa, Sarkin Yaƙi, aka duba ta. Ta doki na Gyado, aladen dajin da ke Ma'ajin fada, aka duba ta. Ta koma lungun su Duna ta ƙara gaisawa da Burungu, aka duba ta. Sau biyar ana dubawa.

Gaskiya ɗaya ce, a fara faɗin ta a kan Duna: daɗi ya ji. Kaya sun yi sauƙi, gyambon bayansa ya fara warkewa, manya na gaishe shi da suna. Jaki kuwa in aka rage masa kaya ba ya tambayar dalili. Har ya fara gaya wa kansa cewa masu ilimi sun fi shi sanin gora.

Iya Tasalla ce ta ɓata masa lissafi. Da can a waje yake jingine sandar don ba ta shiga ƙofa. Ran nan ya dawo a gajiye, ya shige ɗaki da ita a bayansa bai ko lura ba. Tsohuwa ta ɗaga kunne.

"Me ka shigo da shi?"

"Sandar aiki ce, Iya."

"A gicciye?"

Duna ya waiwaya ya dubi sandar a bayansa.

"Sandar da ta shigo ɗakina a gicciye ba giwa take aunawa ba, ɗan nan. Ni makauniya ce, amma na taɓa jin giwa ta wuce. Guntayen da kake kawo mini ma ban ƙona ko ɗaya ba. Itacen ƙarya ba ya dafa tuwo. Na tokare gindin randa da su, su sha laimar da aka ce suna so."

Kunya ta kama Duna har ya kasa cin dusa. Amma da safe ya saɓa sandarsa ya fita, don bai san yadda jaki ke cewa a'a a gaban kura ba.

Ba a yi wata ba wuta ta tashi a Lungun Gawo, lungun da aka riga aka shaida ya cika doka. Marka ta taho da randunanta, ta tokare a baki kamar kullum. Rumbuna huɗu suka tafi. Majalisa ta zauna cikin gaggawa, Burungu ya miƙe ransa a ɓace.

"Ranka ya daɗe, mun yi bincike mai zurfi. An auna lungu da sanda, lungu ya cika. An auna giwa da sanda, giwa ta zarce. To waye ya karya doka? Mu masu mulki mun yi namu. Ba zai yiwu ma'aikaciya ɗaya ta riƙa ƙiba da abincin talakawa tana kunyata gwamnati ba."

"Haka yake," in ji Malam Dila. "A ƙasashen da suka ci gaba, giwayensu sirara ne."

Babu wanda ya taɓa zuwa ƙasashen, don haka babu wanda ya musa. Aka ƙaddamar da Shirin Daidaita Giwa da Hanya. Mataki na farko, aka sauke randunan biyu, tunda su ne ke fara tokarewa. Burungu ya yi sadaukarwa ya karɓi ajiyarsu, ya girke su a kan dakalinsa baƙi na shan ruwan sanyi. Mataki na biyu, aka mai da abincin Marka daga dami arba'in zuwa dami shida. Ina sauran ke tafiya, wannan ba ya cikin binciken.

Bayan wata biyu Duna ya gamu da ita a bakin rafi. Fata ta zubo mata kamar tsohon buhu, ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa.

"Gwaggo Marka, sannu."

"Yauwa, mai sanda. Na kusa kai sandar taka?"

"Saura kaɗan," in ji Duna.

"To madalla. In na kai, ka tambayar mini su da me zan kashe wutar. Ruwan hanci ɗaya ko murhun bushiya ba ya kashewa."

Duna ya kai maganar fada. Aka ce masa ai shi ma'aunin hanya ne, ruwa wata ma'aikata ce daban.

Ranar da giwa ta yi daidai da sanda, aka sa ranar biki. Za a yi gobarar gwaji da hantsi a gaban Sarki, duniya ta ga aiki. Da aka nemi lungun da ya fi kowanne kyawun filin juyawa, sai aka tarar na su Duna ne. A tsakiyar filin nan da ya sare ɗorawa don ya samar, nan aka kafa wa manya rumfar zana. Bukkar ciyawar da za a cinna wa wuta kuwa aka jingina ta da dangar Iya Tasalla, don nan ne kaɗai ya rage.

Duna ya roƙi uwarsa ta bari ya kai ta gidan ƙanwarta kafin a fara.

"In dokar gaskiya ce, me zan gudar wa?" in ji ta. "In kuma ƙarya ce, gara a ƙone ni a ɗakina kowa ya gani. Kai ka auna, ni zan zauna."

Aka kori jakunan unguwa zuwa bakin titi don kada su ɓata wa manya iska. Duna kaɗai aka bari a ciki, da sandarsa, saboda za a nuna shi. Burungu ya yi jawabi har rana ta take, ya ambaci kalmar talaka sau talatin. Sarki ya miƙe cikin alkyabba ya cinna wa bukka wuta, maroƙa suka ɗauka, aka busa ƙaho.

Marka ta taho daga rafi tana tangaɗi, ruwa cike da hanci. Ta sunkuya ta shiga ƙarƙashin rumfar soro, tsakanin dakalin Burungu da na surukinsa. Ta shige har ƙugu.

"Ta shiga!" in ji maroƙa. "Giwa ta shiga lungu!"

Nan gwiwoyinta suka ce ba su san zancen ba. Ta durƙushe, ruwan ya zube a ƙasa, jikinta ya toshe hanya ruf, daga dakali zuwa dakali, daga ƙasa zuwa soro.

Wuta dai ba a gaya mata gwaji ake yi ba. Ta gama da bukka, ta kama danga, iska ta miƙa mata rumfar manya. Damisa ya ce bari ya nemo agaji, ya haure katanga da tsalle ɗaya, kuma har yau agajin na hanya. Sauran kuwa shekarun zama a dakali sun yi musu nauyi. Sarki ya gwada katanga ya zamo. Gyado ya gwada bi ta ƙarƙashin giwa ya maƙale. Duna bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, jinkar ɗakin uwarsa yake kallo, wadda ta fara hayaƙi. Ya kutsa ya turo tsohuwa waje da ƙirji, ya kai ta jikin Marka, inda wuta ba ta iso ba tukuna. Daga nan babu wurin zuwa.

"A rushe dakalin nan!" Sarki ya daka tsawa, gezarsa na ƙauri.

"Ranka ya daɗe," in ji Burungu yana tari, "dakalin nan ya cika doka, akwai shaida a rubuce. Sai dai a kafa kwamiti…"

Duna bai jira ƙarshen maganar ba. Ya kwance sandar ya yar, ya juya wa dakalin Sarkin Tituna baya, ya sakar masa ƙafa biyu. Ya ɗaga murya ya yi kukan da duk jakin duniya ya san ma'anarsa. Jakunan da aka kora bakin titi suka amsa daga ɗaya gefen. Shekara da shekaru suna ɗauko ƙasar da ake gina dakalan nan, sun san inda kowanne yake da rauni. Kafin a ce kwabo, gefen dakali ya zube, soro ya tsage ya faɗi waje, Marka ta sami wurin mirginawa ta miƙe da ƙyar.

Randunan nan biyu na zaune a ragowar dakalin, cike da ruwan baƙin Burungu. Marka ta kalle su, ta zura hanci. Da su aka kashe gobara ta goma sha uku, wadda ita kaɗai ce gwamnati ta kunna da hannunta, ita kaɗai ce kuma giwa ta taɓa kashewa.

Rabin ɗakin Iya ya ƙone, gashin jelarta ya babbake. Tana tsaye cikin toka tana shaƙar iska.

"Duna, duba mini gindin randa."

Guntaye biyar na nan, jiƙe sharkaf, ko baƙi ba su yi ba.

Bayan kwana uku majalisa ta zauna. Sarki na kan karaga da rabin geza. Burungu ya bayyana cewa gwaji ya yi nasara fiye da yadda aka zata, tunda an kunna wuta kuma an kashe ta. Ya ce matsalar da aka ɗan samu ta nuna giwa na buƙatar ƙarin rama. Sannan ya nemi a hukunta wani jaki da ya rushe ginin da ya cika doka, a gaban baƙi, ba tare da izinin kwamiti ba.

"A kira shi," in ji Sarki. "Ya zo da sandarsa."

Aka jima kaɗan sai aka ji takun kofato da yawa. Duna ne a gaba, tulun jar ƙasa a rataye. A bayansa jakunan Kurmin Dunya ne, ba a san adadinsu ba, a tsakiyarsu Marka, wadda kwana uku ke nan kowane gidan jaki na kai mata dami. Sandar na gicciye a bayan Duna, amma ba yadda majalisa ta san ta ba. Iya Tasalla ta kwana biyu tana tufka igiyar rama da haƙori, an ɗaure guntaye biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya a inda aka cire su. Ɗaurin ba kyau, sandar ta ɗan karkace, amma kamu tara ce.

Duna ya doshi ƙofar zauren fada a hankali, kamar yadda yake shiga kowane lungu. Sanda ta ce ƙwas a hagu, ta ce ƙwas a dama.

Malam Dila ya buɗe baki zai yi maganar laima, ya tuna rani ake ciki, ya rufe. Duna ya tsoma jela a tulu ya ɗago ta, jar ƙasa na ɗiga a dokin ƙofa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, kansa a sunkuye, "dokar ta ce ko na wane ne. Dagin da ke jikin takardar naka ne. In shafa?"

Sarki ya kalli Burungu, Burungu ya kalli Dila, Dila ya kalli littafinsa.

A waje, jakuna suka jeru a jikin katangar fada, ɗaya kusa da ɗaya, sannan duk suka juya mata baya. Wanda bai san jaki ba zai ce tafiya za su yi.